Hannayen Obadiah

Paikon Kore, Abuja
Farkon Satumba

Yaya Datti,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya. Yaya Anti Sumayya da yara, yaya keken ɗinki? Ina fata ciwon bayan nan ya sake ka, ko da yake wanda ya wuni a duƙe yana yi wa mutanen Tudun Wada aljihu ban ga ranar da bayansa zai miƙe ba. Ni lafiyata ƙalau, in ban da sauro, wanda ko kurma ya san da zuwansa.

Ka ce in riƙa turo maka saƙo ta waya kamar sauran mutane. Wayata ƙarama ce, surutuna kuma babba ne. Tunda Nazeer direba yana kawo albasa Zuba ya koma Zariya, gara ya riƙa ɗaukar takarda. Kai ka samo mini gurbi a wannan cibiya ta koyon sana'a, don haka kai za ka sha karatu. Da kakata da kakanka ba ciki ɗaya suka fito ba, da ka huta da ni.

Mu duka manya ne a nan, kurame da makafi da guragu. Da safe gona, da yamma madafa. Masu keken guragu an gina musu kwami a kan bulo daidai ƙugu, suna dashen tumatir daga zaune. Makafi su ke tsince iri, kuma in ka ga yadda suke ware lalataccen wake da yatsa sai ka raina idonka. Mai koya mana girki sunanta Madam Perpetual, ita ma a keke take tun da ta yi haɗarin mota. Da allo take yi mini magana. Shekaranjiya ta rubuta, "Batulu, wuta ya yi yawa, rage shi." Na gyara mata Hausar, ita kuma ta gyara mini miyar.

Babban labarin shi ne na sami abokin hira. Sunansa Obadiah, mutumin Akwanga, ya kai arba'in, kurma ne tun haihuwa. An haɗa mu kwamin tattasai ɗaya. Shi yake koya mini maganar hannu. Yaya, tun da sanƙarau ya tafi da kunnuwana ina 'yar shekara goma sha biyu ban yi hira ba. A gida ana ba ni abinci, ana rubuta mini "zo", "share", "an yi baƙi". Ba ƙorafi nake ba, amma wannan ba hira ba ce. Yanzu kuwa har gulma nake yi. In na karkace wata kalma sai ya kama yatsuna ya lanƙwasa su har su zauna daidai. Hannunsa kaushi kamar bayan kada, amma in ya soma ba da labarin yadda akuyar maƙwabta ta cinye masa alayyafo, sai in yi dariya har in zauna a kan kunyar gona. Ya ce in kana son kurma ya juyo, ka taɓa kafaɗarsa sau biyu a hankali. Shi haka yake yi wa kowa, har akuyar.

Ranar Asabar ta sama za mu Zuba sayen abarba, za a koya mana busar da ita da kuma haɗa ta a zoɓo. Madam ta ce wanda bai iya sayen kaya ba bai iya girki ba. Ga yajin da na daka da tattasan gonata, Nazeer zai ba ka. Kada ka ba Anti ta ce nata ya fi.

Taka,
Batulu

Tudun Wada, Zariya
Satumba

Batulu sarkin baki,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, yaji ma ya iso. Muna lafiya, baya ya yi sauƙi. Sumayya ta ɗanɗana ta ce gishiri ya yi kaɗan, amma na ga ta ɓoye robar a ɗakinta.

Na ji daɗi da kike koyon sana'a. Sai dai akwai layin da na karanta har sau uku. Wane ne wannan Obadiah da yake kama miki yatsu? Na kai ki Abuja ki koyi noma da girki, ban kai ki a riƙa murza miki hannu a cikin tattasai ba. Ke ba yarinya ba ce, ba sai na yi dogon bayani ba. Namiji ne, kuma ba addininku ɗaya ba. In dangi suka ji, ni za a tsare, a ce ɗan Hajiya Babba ya kai marainiya ya sayar. Hira da hannu a yi ta daga nesa, ai ido ke gani, ba fata ba.

Wani abu kuma. Ki kula da kanki a Abujar nan. Kullum sai an zo shagona da labarin masu satar mazakuta. Mutum ya taɓa ka, ko ya ba ka hannu, shi ke nan gabanka ya tafi. An ce a Gwagwaladarku ma an kama wasu. Na san za ki ce ke mace ce, ba ki da abin da za a sata, amma wanda ya iya wannan sihiri babu abin da ba zai iya ba. Kada ki yarda kowa ya taɓa ki a kasuwa.

Ki gaida Madam ɗinku mai Hausar tsiya.

Yayanki,
Datti

Tudun Wada, Zariya
Farkon Oktoba

Batulu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kina lafiya, ko da yake ba ni da hanyar sani. Mu nan ƙalau, sai ƙaramin da ya yi zazzaɓi ya warke.

Nazeer ya je Zuba ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, babu takarda. Ya ce ba ki aiko kowa wurin motarsa ba. Na tura saƙo wayarki, shiru. Na gane, fushi kike saboda na taɓa miki mutumin tattasai. To ki yi ta yi. Ban kira ofishinku ba don kada a ce na kai ƙararki, amma wannan hali ba ki canza shi ba tun kina ƙarama, a faɗa miki gaskiya ki juya wa mutum ƙeya.

Ga abin da zai nuna miki ba surutu nake ba. An turo mini bidiyo daga Zubar nan taku. An kama ɗaya ƙiri-ƙiri, wani ƙato mai tura baro, ya taɓa wani bawan Allah ya ɗauke masa gaba. Jama'a suka ce ya mayar, ya ƙi ko buɗe baki. Maimakon haka sai ya ɗaga hannu yana juya yatsu, yana tsafinsa a gaban kowa, ko kunya babu. Ai kuwa suka nuna masa Abuja ba garin ubansa ba ne. Suka danne hannun a bakin kwalbati suka farfasa shi da dutse, yatsun da yake sihirin da su. Har wata mata ta fito, da alama tare suke sana'ar, ta faɗa a kansa, ita ma ta sha nata rabon. 'Yan sanda suka zo suka ƙwace su, ka ji masu ɓata aiki. Ni dai na ce Allah ya ƙara. Na tura wa 'yan ƙungiyarmu ta teloli da mutanen masallaci, kowa ya kiyaye.

Kin ga irin garin da kike yawo a cikinsa. In kin gama fushin ki rubuto. Na ce Nazeer ya kai wannan har ƙofar cibiyarku ko da zai ɓata rabin wuni.

Yayanki,
Datti

Asibiti, Gwagwalada
Oktoba

Yaya Datti,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida gida. Lafiyata da sauƙi. Haƙarƙarina biyu sun karye, da ƙashin kafaɗar hagu, an ɗinke mini ƙeya. Wayata ta ɓata. Madam Perpetual ta kawo mini wasiƙunka biyu a haɗe, na karanta su a kwance.

Ba fushi nake ba. Matar da ka gani ni ce. Ƙaton kuma Obadiah ne.

Bari in gaya maka abin da bidiyon bai soma da shi ba. Mun sayi abarba, muka cika baro. Madam tana cikin mota a bakin titi, saboda kekenta ba ya shiga taɓo. Obadiah yana tura baron, ina biye da shi da buhun citta a ka. Hanyar ta matse, ga gangara, ga wani mutum mai farar jamfa ya tsaya a tsakiya yana waya. Sauran masu baro ihu suke yi a ba su hanya. Obadiah ba shi da ihu. Ya tokare baron da gwiwa don kada ya buge mutumin, ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗarsa sau biyu, ya yi masa murmushi.

Mutumin ya juyo ya dubi hannun. Sai na ga ya saki wayar ya dafe gaban wandonsa, bakinsa a wangame. Kafin in sauke buhun an kewaye mu. Wani ya shaƙe Obadiah ta wuyan riga, wani ya kwaɗa masa mari, baron ya kife. Ina ganin bakuna suna buɗewa suna rufewa a fuskarsa, shi kuma yana neman wanda zai kalli hannunsa. Abin da ka kira tsafi, ga fassararsa. Ya nuna kunnensa ya girgiza kai. Ya ce, "Ni kurma ne." Ya ce, "Hanya nake nema." Ya ce, "Ku yi haƙuri." Ya maimaita haƙurin nan ban san sau nawa ba. Duk lokacin da ya ɗaga yatsu sai su ja da baya a tsorace, sannan su dawo da ƙarfin da ya fi na da.

Mutum huɗu suka danne shi. Wani ya taka masa wuyan hannu a bakin kwalbati. Wani saurayi ya ɗauko dutsen da ake tokare tayar tirela da shi, ya ɗaga da hannu biyu. Ban ji ƙarar ba, a tafin ƙafata na ji ta. Da suka gama da na dama suka jawo na hagu. Na ga ƙashi fari ya leƙo. Na ga an gangaro da taya, wani yana tsiyayar mai daga babur cikin gora. Nan na faɗa a kansa. Da katako suka buge ni, da me kuma ban sani ba, fuskata tana cikin rigarsa. Can na ga ƙafafu sun watse lokaci ɗaya, ashe 'yan sanda ne suka yi harbi sama.

Mai farar jamfar nan asibitin aka kawo shi a duba. Likita ya ce babu abin da ya rasa. Shi kuma ya ce ai mazakutar dawowa ta yi saboda dukan da aka yi.

Obadiah yana ɗakin maza. An naɗe hannayen biyu har gwiwar hannu, likitoci suna jira su ga wanda zai rayu. Bai iya rubutu sosai ba, kuma ko ya iya da me zai riƙe biro? Hannayen nan su ne bakinsa, su ne fartanyarsa. Zancen da ka yi na kama yatsu ba zan amsa shi ba.

Abu ɗaya nake nema a wurinka, kuma kai kaɗai za ka iya ba ni. Ka san rabona da buɗe baki in yi magana tun ina budurwa, tun da yaran gida suka soma kwaikwayon muryata. Ranar nan na buɗe. Tun kafin a ɗauko dutsen nake cewa kurma ne, kurma ne, ba ya ji. Na ji maƙogwarona yana yagewa, amma ban sani ba ko wani abu ya fita. Wataƙila iska kawai nake furzarwa. Wataƙila kalmomin sun ruɓe a bakina tsawon shekarun nan, abin da ya fito ba Hausa ba ne. Babu wanda ya ko waiwayo. Ina kwance ina ta juya abin: da sun ji, ai da sun tsaya. Madam ba ta wurin, Obadiah kuma ba shi da amsar. Kai kana da bidiyon, kana da kunne. Ka saurara ka gaya mini ko muryata ta fita.

Batulu

Tudun Wada, Zariya
Oktoba

Batulu ƙanwata,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu. Allah ya ba ki lafiya, ya ba shi. Tun da Nazeer ya miƙo mini takardarki ban taka keke ba. Sumayya tana ta kuka, ta ce a yi miki sannu. Ta bayanki aka ɗauki hoton, ga hijabi, wallahi ban gane ki ba.

Abin da na rubuta a baya ki yafe mini, bakin jahili ne. Yanzu abin da ya kamata shi ne ki dawo gida. Da zarar an sallame ki zan biyo Nazeer in ɗauke ki. Tattasai a Zariya ma yana fitowa.

Zancen bidiyo kuwa ki bar shi, kada ki wahalar da kanki. Hayaniya ce kawai a ciki. Ki ci abinci, ki sha magani.

Yayanki,
Datti

Asibiti, Gwagwalada
Ƙarshen Oktoba

Yaya Datti,

Na gode da gaisuwa. Ka ce wa Anti ta daina kuka. Kafaɗa tana haɗewa, ina iya zama.

Na gane amsarka. Hayaniya ce kawai. Ka ji nauyin faɗa mini kai tsaye, shi ya sa ka lulluɓe ta. To na ji. Ina tsaye kusa da Obadiah, ni kaɗai na san abin da yake faɗa, ni kaɗai Allah ya bar wa harshe a cikinmu biyu, kuma na bar harshen ya mutu saboda dariyar yara. Kalma biyu ake nema a wurina ranar nan, na kasa biya.

An yanke masa hannun dama daga wuyan hannu ranar Talata, ya soma ruɓewa. Na hagu an ceto babban yatsa da biyu na kusa da shi, sauran an cire. Likita ya ce zai iya riƙe cokali. Madam ta tambaya ko zai iya magana da su, likitan bai gane tambayar ba.

Madam ta ce kullum in ta shiga wurinsa sai ya leƙa bayanta, ya ga ko ina biye. Jiya ta rubuta mini a allo, "Batulu, mutumin nan yana neman ki, tashi ki je." Tsakanin gadona da ɗakinsu baranda ɗaya ce. Na kai bakin ƙofa sau ɗaya, na hango dungulmin a kan matashi, na juyo. Da wane ido zan dube shi? Abincin ma ba ya wucewa.

'Yan ajinmu sun zo duba ni. Makafin sun ce sun karɓi ban-ruwan kwaminmu, tattasan ya nuna, suna jira in zo a tsinka. Na ce su tsinke su raba. Na gaya wa Madam ta ba wani gurbina. Ka zo ka ɗauke ni kamar yadda ka ce. Can gida babu wanda zai dogara da bakina.

Batulu

Tudun Wada, Zariya
Ranar da takardarki ta iso

Batulu,

Gaisuwa a taƙaice, don Nazeer ya ta da mota yana jiran takardar nan. Muna lafiya.

Ba ki gane amsata ba, kuma ni na jawo. Ba don ke na lulluɓe ta ba, don kaina ne.

Muryarki ta fita. Ta fi ta kowa a wurin nan. Tun daga farkon bidiyon ake jin ta, kafin mari na biyu, kafin dutse. Mace ce take cewa, "Kurma ne! Kurma ne, ba ya ji! Hanya yake nema!" Muryar a shaƙe take, tana hawa tana sauka ba bisa ƙa'ida ba, amma kalmomin ko yaron goye zai gane su. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Wanda ya taka wa Obadiah hannu ya juyo ya dube ki. Wani daga gefe ya ce, "Ƙarya ne, duk tare suke." Wani ya kwaikwayi muryar, aka yi dariya. Saurayin nan yana ɗaga dutsen kina faɗa, ya sauke kina faɗa. Har kina kwance a kansa ana dukanki ba ki daina ba.

Sun ji ki, Batulu. Babu wanda bai ji ba. Ni ma na ji, a shagona, ranar farko, da kunnuwana biyu lafiyayyu. Ban san muryarki ba, don ban taɓa neman in ji ta ba. Amma na gane abin da matar take faɗa sarai, na ce dabarar ɓarayi ce, na danna na tura wa mutane. Abin da na kasa rubuta miki ke nan.

Ba zan zo ɗaukar ki ba. Na kira Madam Perpetual na ce kada ta ba kowa gurbinki, ta ce da ma ba ta yi niyya ba. In kin ga dama ki daina rubuto mini, ba zan ce kin yi laifi ba. Amma ki ajiye takardar nan yanzu, ki ci abinci, ki tsallaka barandar nan. Mutumin yana da yatsu uku, kuma duk asibitin ke kaɗai za ki gane abin da zai ce da su.

Datti